Abin da Malam Ya Bari a Cikin Kwalba

Malam bai taɓa yar da komai na jikinsa ba. Idan ya yanke farce, sai ya tara a tafin hannu, ya zaga bayan ɗaki, ya tona ƙasa da tsinke ya rufe. Idan wanzami ya yi masa aski, ba ya tashi daga tabarma sai ya tattare gashin a takarda. Ina ce masa Malam ne domin ban taɓa kama sunansa ba a shekara arba'in da ɗoriya da muka yi tare, ba kuma zan fara ba yanzu da yake kwance a kabari. 'Yata ta fari ce ke rubuta wannan da nake faɗa. Ni ban yi boko ba, allon ma iyakata abin da zan yi salla da shi.

Mun zo Abuja daga ƙauyenmu na ƙasar Katsina bayan sojoji sun miƙa mulki ga farar hula, lokacin da gari ke ta tashi, duk inda ka waiga gini ne. Kowane gini yana son tsakuwa, tsakuwar kuwa a duwatsun Mpape ake fasa ta. Can Malam ya samu aiki a bakin injin niƙa dutse. Muka kama ɗaki biyu a gangaren tudu, inda mota ba ta isa sai an sauka an taka. Ni ina soya wa leburori ƙosai da safe. Idan aka tashi nakiya a dutse, kwanukan jerena su yi ta rawa har sai na dafa su.

A shekararmu ta uku inji ya cire masa ƙaramin yatsan hannun hagu. Abokan aikinsa na ta gaggawar kai shi asibiti, shi kuwa ya ƙi shiga mota sai an nemo yatsan a cikin tsakuwa. Ogansu, wani Bayarabe mai yawan faɗa amma mai kirki, ya ɗora hannu a ka ya ce, "Malam, jini na zuba kana neman yatsa! Ɗinke shi za ka yi?"

Malam ya ce, "Oga, goma aka ba ni, goma zan mayar."

Da ya dawo gida, ya naɗe yatsan a farin ƙyalle, ya binne shi a gindin zogalen da ke bayan ɗakinmu. Ni na riƙe masa buta ya wanke hannunsa mai lafiya. Haka muka taso muka ga iyayenmu na yi: abin da ya fita daga jikin ɗan Adam, ƙasa ce gidansa. Na kawo wannan ne domin a gane abin da ya same ni daga baya.

Ciwon ya fara da rama da murɗar ciki. Muka yi ta jiƙe-jiƙe da saiwoyi wata da watanni, har ranar da ya ga jini a bayan gida. 'Yata, wadda ke koyarwa a wata firamare a Orozo, ita ta matsa aka je babban asibiti. Suka ce ciwon daji ne a hanji. Aka yi masa aiki aka cire ƙarin. Kwana uku bayan aikin, da ya fara shan kunu, na sunkuya na tambaye shi a hankali, "Malam, ina abin da aka cire?"

Ya ce, "An san yadda aka yi da shi." Ya juya fuska wajen bango.

Ban ƙara tambaya ba. Mutumin da ya tsayar da mota saboda yatsa, ina zan yi zaton zai bar naman cikinsa a hannun mutane? Na ɗauka ya sa wani cikin abokansa ya kai an rufe.

Allah ya ƙara masa shekara biyu da 'yan watanni. Sannan ciwon ya dawo ta hanta. Ba zan iya ba da labarin watannin ƙarshen nan ba sai da kuka, ga shi ma ina yi. Mutumin da ke ɗaga dutsen da maza biyu ke kasawa, sai ga shi ni kaɗai ina ɗaga shi in juya shi a kan katifa, kamar ina ɗaukar damin kara. Ya rasu wata Talata da hantsi, kansa a cinyata. Allah ya jiƙansa, ya sa ciwon nan ya zama kaffara.

Na yi takaba wata huɗu da kwana goma. Da na fita, muka buɗe akwatinsa na ƙarfe ni da 'yata. Akwai carbinsa na biyu, da katin aikinsa, da hular da ya ajiye don sallar idi. A can ƙasa akwai wata takarda a ninke cikin leda. Ban iya karatu ba, amma na san sa hannun Malam da ajami kamar yadda na san takunsa. 'Yata ta karanta, ta sake karantawa.

Na ce, "Ke, mene ne?"

Ta ce, "Inna, abin da aka cire wa Baba ba a binne shi duka ba. Ya ba da shi ga masu bincike. An rubuta a nan za su raya shi a ɗakin bincike, su yi nazarin ciwon."

"Su raya shi? Naman da aka yanke?"

"Haka aka rubuta."

Ranar ban ci abinci ba. Na yi masa wanki da jinya, na ga an fita da shi a makara, na yi takaba, ina ganin na sauke duk abin da ke kaina. Ashe wani yanki nasa yana can wani ɗaki cikin gari, ba a rufe ba. Na tabbata a raina yaudararsa aka yi, an miƙa masa takarda yana cikin magagin allura ya sa hannu.

Na je wurin limamin unguwarmu, na tsaya daga bakin zaure na faɗa masa. Ya ce gaɓar da aka yanke daga jikin mai rai, abin da ya sani shi ne a naɗe ta a binne, ba wanka ba salla. Amma naman da aka yanke kuma bai mutu ba, yana ci yana ƙaruwa a kwalba, ya ce gaskiya bai taɓa cin karo da shi a karatunsa ba, ba kuma zai faɗa mini abin da bai sani ba. Ya ce in je in gani da idona tukuna.

Akwai ragowar yadin likkafanin Malam da na ɓoye, bai fi kamu biyu ba. Na wanke shi na ninke na sa a jaka. Washegari ni da 'yata muka sauko daga tudu, muka shiga tasi mai kore da fari, muka canza wata a Wuse. Duk tsawon hanya hannuna na kan jakar. Abu ɗaya na je yi: in karɓo abin mijina in kai shi ƙasa.

Wurin yana bayan asibitin ne, wani gini mai sanyi kamar cikin randa. Likitar da sunanta ke kan takardar ta fito, mace ce tsarar 'yata, Bazazzagiya, da tabarau da farar riga a kan hijabi. Da ta ji ko ni wace ce, sai ta durƙusa har ƙasa ta yi mini ta'aziyya. Ta ce ta samu labarin rasuwar, ta so zuwa, amma ta rasa da wace fuska za ta zo.

Na ce, "'Yar nan, ban zo faɗa ba. Na zo karɓar abin Malam."

Ta ce, "Mama, kina da iko. Takardar da Baba ya sa wa hannu ta ce shi ko iyalinsa za su iya janyewa duk ranar da suka so. Idan kika ce a daina, za a daina. Amma ki yarda in nuna miki tukuna, don ki san abin da za ki karɓa."

Suka ba mu fararen riguna da wasu ledoji na rufe takalmi. 'Yata ta ce, "Inna, yau kin zama likita." Na harare ta. Muka shiga. Likitar ta buɗe wani akwati mai kama da firji, sai dai shi ɗumi ne a cikinsa, ta ce daidai ɗumin jikin mutum. Ta fito da wata kwalbar roba shimfiɗaɗɗiya mai ɗan jan ruwa a ciki, kamar zoɓon da aka tsinka. Na duba ban ga nama ba, ban ga komai ba.

Ta ce jikin mutum an gina shi ne da ƙananan ƙwayoyi, kamar yadda ake gina gidajen garin nan da bulo, sai dai su masu rai ne, suna ci, suna rabuwa biyu su ƙaru, kuma sun san lokacin tsayawa. Na ciwon daji ne ba su san tsayawa ba. Daga ƙarin da aka cire suka ɗebi ɗan kaɗan suka sa a wannan ruwan, shi ne abincinsu. Idan jan ya koma rawaya, sun cinye ke nan, sai a sake musu. Ta ce sun gwada na mutane da yawa, duk cikin 'yan makonni suke mutuwa. Na Malam ne suka kama. Ta ce yawancin irin waɗannan ƙwayoyi da ake bincike da su daga jikin mutanen wasu ƙasashe aka samo su, namu na gida kaɗan ne ƙwarai.

Na ce, "To me kuke nema a jikinsu?"

Ta ce a cikin kowace ƙwaya akwai wasu ƙananan sinadarai da suke kira kainas, iri-iri ne, amma guda ɗaya daga ciki suke bibiya. Na ce mene ne aikinsa. Ta ɗan yi tunani, sai ta tambaye ni ko a ƙauyenmu ana ɗebo wuta a maƙwabta. Na ce sosai ma, kafin ashana ta yawaita, da kasko ake zuwa.

Ta ce, "To shi ke nan aikinsa. Shi ba ya girki. Garwashi yake kai wa na gaba ya kunna, na gaba ya kunna wa wani, har saƙo ya isa cewa a rabu biyu. A jikin mai lafiya idan ya kai sai ya zauna. A irin ciwon Baba muna zargin ba ya zama."

Don su tabbatar, sai suka raba ƙwayoyin gida biyu. Gida ɗaya suka bar shi yadda yake. Ɗaya gidan kuma suka shiga cikin rubutun halittar da ke cikin ƙwayar, suka yanke wurin da ke sa a ƙera wannan mai kai wutar, ya zama su da 'ya'yansu duk ba su da shi. Ta ce wannan yankan kaɗai ya ci mata fiye da shekara. Sannan akwai magana ta biyu. A cikin jini akwai masu gadin jiki, waɗanda ke kama cuta su kashe. Suna zaton wannan kainas ɗin yana da hannu wajen ɓoye ciwon daga idon masu gadin. Shi ya sa suke zuba masu gadi a kan gida biyun su ga wanne za su fi kamawa. Ta ce ba su gama sani ba tukuna, ba kuma za ta ce mini magani ya kusa ba.

Ta ɗora kwalbar a ƙarƙashin na'urar da ke girmama ƙananan abubuwa, ta gyara mini kujera. Da farko duhu kawai na gani da gashin idona. Can sai ga su. Na gidan farko sun cunkushe, wasu kan wasu, kamar kasuwar Wuse a jajibirin salla. Ta sauya kwalba. Waɗanda aka cire wa mai kai wutar suna nan jefi-jefi, da fili a tsakaninsu. Na daɗe ina kallo. Ina neman wani abu na Malam ne, ko kama, ko alama. Ban gani ba. Hawaye ya rufe mini ido, na ɗago.

Sai wata tambaya ta zo mini, irin ta mai girki. Na ce, "Tunda ƙaruwa suke yi ba tsayawa, idan suka cika kwalbar fa?"

"Muna rage su, Mama. Mu ɗebi kaɗan mu sa a sabuwa."

"Ragowar fa? Ina kuke kai ta?"

Ta cire tabarau ta riƙe a hannu. Ta ce, "Muna kashe su da magani da zafin tururi. Daga nan a haɗa da sauran kayan da aka yi aiki da su a ƙone. Doka ce, don kada wani ya cutu."

Na ce, "Innalillahi wa inna ilaihi raji'un." 'Yata ta miƙe tsaye ta ce, "Ƙonawa? Naman mahaifina? Shekara nawa kuna yin haka?"

Likitar ba ta kare kanta ba. Ta ce tun farko ake yi, duk bayan 'yan kwanaki. Ta ce kuma wannan ma ta faɗa wa Malam kafin aikin, ba ta ɓoye masa ba. Da ya ji, bai sa hannu ba, ya ce ta dawo gobe. Da ta dawo sai ya tambaye ta, wannan abin shi ne, ko ciwon ne? Ta ce masa daga namansa ya fito, amma ya daina jin maganar jikinsa. Sai ya ɗaga mata hannunsa mai yatsa huɗu ya ce, "Wanda ya fita daga nan ya yi mini aiki tun ina yaro, na binne shi da mutuncinsa. Wannan kuwa cina yake yi. Ku riƙe shi ku tuhume shi, har ya faɗi ta inda yake shiga mutane."

Na ga kamar akwai saura. Na ce ta ƙarasa.

"Ya ce, 'Kada dai mai ɗakina ta ji. Wallahi da farin ƙyalle za ta zo muku.'"

Hannuna yana kan jakar a lokacin. 'Yata ta dube ni, ta dubi jakar, ta toshe baki. Ni ban san dariya nake yi ko kuka ba, duka biyun suka fito tare. Muryarsa ce sak, har da rantsuwar. Ba a yaudare shi ba. Ni ya ɓoye wa, don ya san ni. Wannan ya yi mini zafi fiye da yadda na zata. Shekara biyu muna tare, har na kai ga juya shi a kan katifa, yana kallona, yana riƙe da wannan magana.

Aka kira azahar. Suka nuna mini wani ɗan ɗaki na yi salla, na zauna a kan dardumar na daɗe. Idan na ce a daina, ƙonawar ta ƙare, zan tafi da abin mijina gaba ɗaya in rufe, amma na rushe abin da ya yanke da hankalinsa bayan ya kwana yana tunani. Idan na bari, to da sanina ake ƙonawa daga yau. Na tuna bencin da muke jira a kai a asibiti, da matan da ke zaune a jere da ni, kowace da kwandon abincin da mai shi ba zai iya ci ba. Na tuna nauyinsa a hannuna a ƙarshe. Abin da ya mai da shi haka, ban ga dalilin da zan ba shi likkafani duka ba. Amma kuma naman Malam ne, ba zan koma gida da ƙyalle ba komai ba.

Na dawo na ce wa likitar, "Cikinsu wanne ya fi kusa da shi? Wanda ba ku yanke wa komai ba, na farko-farko."

Ta kai ni wurin wata tukunyar ƙarfe mai tsawo. Da ta buɗe, farin hayaƙi mai sanyi ya malalo ƙasa. Ta ce a nan suke daskarar da iri, kamar mai ajiye irin shuka. Na farkon nan 'yan ƙananan kwalabe uku ne kacal suka rage, kowace ba ta kai ɗan yatsa ba. Su ne madogararsu idan wani abu ya samu na cikin akwatin ɗumi.

Na ce, "Ki ba ni ɗaya. Sauran na bar muku, kamar yadda ya bari."

Na ga abin ya yi mata nauyi. Ta ce ko in karɓi na yau, suna da yawa. Na ce na yau jikokin jikoki ne, ba su san shi ba. Ta sunkuyar da kai, ta ce ba ita kaɗai ke da iko ba, sai ta gaya wa shugabansu, kuma ba za a ba ni da rai ba, sai an kashe da tururi an liƙe bakin. Na ce matacce dama ake binnewa.

Bayan kwana tara ta zo da kanta har Mpape, ta hau tudun nan da ƙafa tana haki. Ta miƙo mini 'yar kwalbar da hannu biyu. Ba suna a jikinta, lamba ce kawai. Na naɗe ta a ragowar likkafanin. Na ɗauki fartanyar Malam na tona a gindin zogale, kamu ɗaya daga inda yatsan yake, na sa, na rufe, na danna ƙasar da tafin hannu. 'Yata ta riƙe mini buta. Muka yi masa addu'a mu uku, sannan na zuba wa baƙuwa kunu.

Har yau ban san ko na yi daidai ba. Na faɗa wa liman yadda aka yi, ya ce Allah ya duba niyya. Wani lokaci ina cikin soya ƙosai, in ga hayaƙi ya tashi, sai in tuna, in yi kuka har mai ya ƙone. Idan kuskure ne, ina roƙon Allah ya ɗora mini, kada ya ɗora wa Malam.

Sai dai wani abu da na lura da shi a kaina. Likitar ta ce idan wuta ta ɗauke har akwatin ɗumin nan ya huce, na cikinsa mutuwa za su yi. Tun daga lokacin, duk ranar da aka ɗauke wuta a gari ta daɗe ba ta dawo ba, ba na samun sukuni sai na sa 'yata ta buga mata waya ta tambaya ko an tada janareta.